Ina zaune a New Jersey ina aiki a New York, wace jiha ce ke da harajina?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haraji a ƙasar nan. Jiya na dawo aiki wajen sha ɗayan dare na tarar madam ta ajiye min wata wasiƙa a kan teburin cin abinci, daga ofishin harajin jihar New Jersey, wai basu ga takardun harajina na 2024 ba. Ni kuma wlh na biya, duk sati biyu sai an yanka a albashina, ga W-2 ɗin nan, takardar albashi da harajin shekara da wajen aiki ke bayarwa, a hannuna yanzu haka, akwati na 15 an rubuta NY, akwati na 17 ga kuɗin da suka cire. Yadda abin yake, da a Bronx muke, watan Yuli na 2023 muka tashi muka dawo Newark cikin New Jersey saboda haya ta fi ƙarfinmu ga yara uku a ɗaki biyu, amma aikina yana nan a Manhattan ban canza ba kullum jirgin PATH nake bi. Mutumin da yake cike min haraji tun zuwana ƙasar yace tunda a New York nake aiki to New York kaɗai zan biya, babu ruwana da Jersey. Toh yanzu ga wasiƙa. Sau biyu zan biya kenan? Jiya ko barcin kirki banyi ba.

Alhaji Garba Bronx: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Baban Khalifa, mutumin naka gaskiya ya faɗa maka, inda ka yi gumi nan ake karɓar haraji. Kuskuren kwamfuta ne kawai, ka tura musu hoton W-2 su gani shikenan.

Maman Iman: Alhaji kayi haƙuri amma ba haka bane fa. Ni a Silver Spring nake zaune cikin Maryland, a Washington DC nake aiki shekara bakwai kenan, ko sisi ban taɓa ba DC ba, Maryland kaɗai nake cikewa. Inda kake KWANA nan ne harajinka. Inaga ma New York ɗin ne ya kamata su dawo masa da kuɗinsa gaba ɗaya.

Baban Khalifa: Kun gani ko, abin da ya ƙara rikita ni kenan. Alhaji yace inda nake aiki, Maman Iman tace inda nake kwana.

Alhaji Garba Bronx: Shekara 26 ina ƙasar nan Maman Iman, ban taɓa jin wanda ya yi aiki a Manhattan New York ta ƙyale shi ba.

Maman Iman: Nima ai ba labari aka bani ba Alhaji, a kaina ake yi. Bari a kira Hajiya Rabi tunda sana'arta ce.

Hajiya Rabi Akanta: Salam. Yanzu na fito ofis, lokacin namu ne sai a hankali. Alhaji da Maman Iman kowa ya riƙe ɓangare ɗaya na gaskiya, matsalar kowa da jiharsa yake auna ta wani.

Asalin ƙa'idar ita ce jihohi biyu ne suke da hannu a kuɗinka. Jihar da kake zaune tana da iko a kan DUK abin da ka samu ko daga ina ya fito. Jihar da ka je ka yi aikin kuma tana da iko a kan abin da ka samu a cikinta. Kenan Baban Khalifa takarda biyu ce a kanka bayan ta tarayya, ta New York a matsayin wanda ba mazauni ba wato IT-203, sai ta New Jersey a matsayin mazauni wato NJ-1040. Amma cike takarda biyu daban, biya sau biyu daban. A cikin ta Jersey akwai wani shafi ana ce masa NJ-COJ, nan zaka nuna musu abin da New York ta riga ta karɓa su rage maka shi. Shiyasa ake bin tsari, a fara gama ta tarayya, sai ta jihar aiki, sai ta jihar zama a ƙarshe, don sai kasan nawa New York ta ci kafin ka nemi rangwamen.

Naki kuma Maman Iman daban ne. Majalisar dokokin Amurka ce ta hana DC karɓar harajin albashi daga wanda ba mazauninta ba, yana cikin dokar 1973 da ta ba birnin ikon gudanar da kansa. Ga kuma yarjejeniya tsakanin Maryland da Virginia da Pennsylvania da West Virginia cewa kowa ya biya a gidansa. New York kuwa bata da irin wannan yarjejeniyar da kowace jiha, har maƙwabtanta Jersey da Connecticut.

Maman Iman: Ikon Allah. Wlh ni na ɗauka duk Amurka haka ake yi. Na tuna ma ranar da na fara aiki sun bani wani fom D-4A na sa hannu cewa ni ba 'yar DC bace, ashe dalilin kenan. Baban Khalifa kayi haƙuri na so in ɓatar da kai.

Alhaji Garba Bronx: To ai maganata ta fito, New York zata karɓa.

Hajiya Rabi Akanta: Zata karɓa Alhaji ranka ya daɗe, amma inda ka ce kuskuren kwamfuta ne nan ne ban yarda ba. Hukumar harajin tarayya wato IRS tana ba jihohi bayanai, sun ga adireshin Newark a takardarsa ta tarayya basu ga tasu ba, dole su tambaya. Kuma rangwamen nan baya zuwa da kansa, sai ka cike ka nema. In ya yi shiru zasu lissafa masa kamar bai biya kowa komai ba, su ɗora tara da kuɗin ruwa.

Baban Khalifa: Hajiya Allah ya saka da alheri, wlh har naji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Amma kenan in an rage abin da na ba New York, babu abin da Jersey zata bini?

Hajiya Rabi Akanta: Ya danganta. Bari in baka misali da lambobi na ƙirƙira don a gane. A ce a kan albashinka New York ta ci dala 2,000, ita kuma Jersey da a ce ita kaɗai ce dala 1,300 zata ci a kan wannan albashin. Rangwamen zai tsaya ne a 1,300, ya share nata, amma ragowar 700 ɗin ba zata baka ba don ba ita ta karɓa ba. In kuma aka juya, jihar zama ce ta fi tsada, sai ka cika mata bambancin. A taƙaice kana biyan wanda ya fi yawa ne a cikin biyun. Ga masu matsakaicin albashi yawanci na New York ne ya fi, shiyasa da yawa suke tashi babu bashin Jersey a kan albashin.

Amma ina da tambaya biyu. Madam tana aiki? Sannan duba W-2 ɗin nan can ƙasa, akwati na 19 da na 20, me aka rubuta?

Baban Khalifa: Madam tana kitso a gida, kuma tana zuwa wani shago a nan Newark ranar Juma'a da Asabar, muna sa kuɗin a takardar tarayya. Akwati na 20 kuma an rubuta NYC, na 19 akwai kuɗi a ciki ba kaɗan ba.

Hajiya Rabi Akanta: Abin da nake tsoro kenan. Harajin birnin New York na mazauna unguwanni biyar ɗin nan ne kaɗai, Bronx, Brooklyn, Manhattan, Queens da Staten Island. Wanda yake shigowa aiki daga waje baya biya, tun 1999 aka soke wannan. Na mazauna birnin kuwa sama da kashi 3 cikin 100 ne fa. Kenan tun Yulin 2023 wajen aikinku suna yanka maka harajin birnin da ka bari saboda baka canza musu adireshi ba, ko ka canza basu gyara ba. Je ka ɗauko kwafin da mutumin ya baka ka duba saman shafin farko na jiha, IT-201 aka rubuta ko IT-203?

Baban Khalifa: Na duba. IT-201 ne, duka na 2023 da na 2024. Innalillahi.

Hajiya Rabi Akanta: To ya cike maka ne a matsayin wanda har yanzu yake zaune a Bronx, kwafo na bara kawai yake yi. Akwai gyara, kar ka damu, shekara 3 ake bayarwa daga ranar da aka shigar a nemi a dawo da rarar kuɗi, na 2023 ma bai wuce ba. Za'a cike IT-203-X na shekarun biyu, na 2023 a haɗa da IT-360.1 da zai nuna watan da ka bar birnin. Kuɗin kitson madam kuma tun da kuka tashi ba na New York bane, na Jersey ne, nan ne zasu biku wani abu don babu rangwame a kansa.

Ɗan Zongo: Ni dai ina mamakin yadda kuke wahalar da kanku. Yayana yana Houston, Texas babu harajin jiha ko kwabo. Mutum ya sa adireshin ɗan'uwansa na can shikenan, mutane nawa suke yi lafiya lau.

Hajiya Rabi Akanta: Ɗan Zongo dan girman Allah kar ka koya wa mutane wannan a nan. Na farko ma bata biyan buƙata, in a Manhattan kake aiki ko adireshin Kumasi ka sa New York sai ta ci nata, don a ƙasarta ka yi aikin. Na biyu, lasin tuƙinka, makarantar yaranka, takardar haya, inshorar mota, duk suna faɗin inda kake. New York tana da ƙa'idar cewa in kana da gidan zama a jihar kuma ka wuce kwana 183 a cikinta a shekara to kai mazauni ne ko me ka rubuta, kuma in suka tashi bincike har bayanan E-ZPass, na'urar biyan kuɗin hanya, da na waya suke nema.

Ɗan Zongo: Wannan ai sai masu miliyoyi ake wa Hajiya, wa zai tsaya bin talaka mai tuƙa tasi.

Malam Nura Harlem: Ko ba'a bika ba ɗan'uwa, a ƙasan takardar nan sa hannu kake cewa abin da na rubuta gaskiya ne. Ni wannan kaɗai ya ishe ni. Sannan duk mai niyyar neman zama ɗan ƙasa ya sani a fom N-400 akwai tambaya ƙarara ko ana binka harajin tarayya ko na jiha ko na ƙaramar hukuma. Na raka wani yaronmu intabiyu, jami'ar ta ce ya kawo takardun haraji na shekarun baya, da a ce adireshin ciki ya saɓa da inda ya ce yana zaune me zai ce mata?

Ɗan Zongo: Naji Malam. Ni dai abin da na gani na faɗa, ban ce kowa ya yi ba.

Sadiq Mai Tirela: Hajiya ni fa? Ina zaune a Columbus cikin Ohio, a sati ɗaya sai in ratsa Indiana, Illinois, Kentucky, Tennessee wani lokacin har Georgia. In kowace jiha zata ce a bata ai sai in bar tuƙin in zauna cike takardu.

Hajiya Rabi Akanta: Kai dokar tarayya ta rufa maka asiri Sadiq. Direban babbar mota da yake ma'aikacin kamfani kuma aikinsa na yau da kullum yana ratsa jihohi, jihar da yake zaune ce kaɗai take da ikon harajin albashinsa, haka ma ma'aikatan jirgin ƙasa. In W-2 suke baka Ohio kawai zaka cike. In kuma motar taka ce kana karɓar 1099, takardar da ake ba mai zaman kansa, to wannan wani babin ne, sai ka zauna da akanta ya duba.

Sadiq Mai Tirela: W-2 ne. Alhamdulillah na gode.

Anty Zee: Tunda an buɗe maganar bari in kawo tawa don ta daɗe tana cina. Ina Jersey City, ofishinmu yana Manhattan amma kwana biyu kawai nake shiga, Talata da Laraba, sauran ukun a ɗakina nake aiki da laftof, wutar Jersey nake ƙonawa intanet ɗin Jersey nake biya. A hankalce ai kashi biyu cikin biyar ne na New York ko? Amma W-2 ɗina sun zuba albashin gaba ɗaya a NY.

Hajiya Rabi Akanta: A hankalce haka ne ƙanwata, a dokar New York ba haka bane. Suna da wata ƙa'ida da suke cewa in ofishinki na asali a jiharsu yake, kuma zaman gidan don sauƙinki ne ba don kamfani ya tilasta saboda buƙatar aikin ba, to ranakun gidan ma ranakun New York ne. Wani farfesan lauya, Edward Zelinsky, yana zaune a Connecticut yana koyarwa a Manhattan, ya kai ƙara a kan wannan har babbar kotun jihar, a 2003 aka yanke bai yi nasara ba. Lokacin korona ma da kowa yake gida basu sassauta ba.

Anty Zee: Gaskiya wannan zalunci ne Hajiya. Titin da nake bi na Jersey ne, in gobara ta tashi motar kashe gobarar Jersey City ce zata zo, amma kuɗin duk su tafi Albany, babban birnin jihar New York?

Alhaji Garba Bronx: To ai albashin ma na Manhattan kike ci 'yata, da a Jersey kamfanin yake da ba zasu baki haka ba. Jirgin ƙasan da kike hawa Talata da Laraba da 'yan sandan da ke gadin ofishin wa zai biya?

Anty Zee: Baba na kwana biyun ai ban ƙi ba, na ukun nake magana.

Hajiya Rabi Akanta: Ni a raina ina tare da Zee a wannan, kuma ita kanta gwamnatin Jersey abin yana mata ciwo don ita ce take asara, tana ba mutanenta rangwame a kan aikin da aka yi a cikin ƙasarta. Shiyasa a 2023 ta kafa irin wannan ƙa'idar a kan mazauna jihohin da suke mata haka, ramuwar gayya kenan. Amma ra'ayi daban abin da zaki rubuta a takarda daban. Kar ki rage ranakun da kanki sai in kamfani ya baki shaida a rubuce cewa gidanki ofishinsu ne na gaske, kuma sharuɗɗan suna da tsauri.

Malam Isa: Wannan muhawarar ta tuna min gida. Kafin in zo nan na yi shekara takwas a sashen albashi na wani kamfani a Abuja, can tsarin ya fi sauƙi a takarda, jihar da kake zaune ranar 1 ga Janairu ita ke da harajinka na shekarar, babu ruwan doka da inda ofis yake. Amma fa rabin ma'aikatanmu a Mararaba da Masaka da Suleja da Madalla suke kwana, wato Nasarawa da Neja, sai ka ba mutum fom ya rubuta adireshin Wuse ko Garki don kar a ce a bayan gari yake. Kuɗin sai su tafi Abuja, shi kuma kullum yana cikin go-sulo ɗin Nyanya yana zagin gwamnatin Nasarawa bata gyara hanyar unguwarsu ba. Na sha zama da mutane ɗaya bayan ɗaya ina roƙonsu su rubuta inda suke da gaske. Haka Legas da Ogun suke fama a kan mutanen Mowe da Ibafo.

Maman Iman: Wlh Malam Isa ƙanina yana Masaka, bari in tambaye shi me ya rubuta.

Usman Philly: Ƙarin bayani ga 'yan yankinmu, Jersey da Pennsylvania suna da yarjejeniya, ina Camden cikin Jersey ina aiki a Filadelfiya cikin Pennsylvania, na cike REV-419 aka daina cire min na jihar Pennsylvania. Amma harajin albashi na birnin Filadelfiya yana nan daram ana cirewa, yarjejeniyar bata shafe shi ba, sai dai in nemi rangwamensa a takardar Jersey. Shekarar farko ban sani ba sai da aka gyara min.

Baban Khalifa: Hajiya tambaya ta ƙarshe don Allah, in koma wajen mutumin nan ya gyara tunda shi ya ɓata, ko in nemi wani? Mutumin kirki ne a mu'amala, tare muke sallar Juma'a, bana son abin ya zama rigima.

Hajiya Rabi Akanta: Ba sai an yi rigima ba, ka gaishe shi kamar kullum, amma takardun kai su wani wajen. Duba ƙasan kwafin naka, in babu sunansa da lambarsa ta PTIN, wato lambar rajistar masu cike wa mutane haraji, a wajen mai cikewa, aka rubuta kamar kai ka cike da kanka, to ko an zo bincike babu shi a ciki. Akwai shirin VITA da ake cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta a laburare da cibiyoyin unguwa, sai dai ka fara kiran su ka tambaya ko suna karɓar gyaran shekarun baya mai jiha biyu, ba kowace cibiya ke yi ba. Kuma in faɗa maka tun yanzu kar ka sa rai da yawa, akwai kuɗin yara na Empire State da New York take ba mazaunanta na cikakkiyar shekara kaɗai, tunda an karɓar maka shi a IT-201 za'a cire shi daga abin da zai dawo. A ɓangaren Jersey kuma ka kai takardar haya, ana lissafa kashi 18 cikin 100 na hayar da ka biya a matsayin harajin gida a rage maka.

Baban Khalifa: Na duba, babu sunansa, wajen fayau yake. Allah ya kyauta. Gobe in sha Allah zan fara da ofishin ma'aikata.

Baban Khalifa: Salam jama'a, na dawo da bayani bayan kwana tara kamar yadda ya kamata. Na je ofishin ma'aikata, matar ta juyo min da allon kwamfutarta na gani da idona, adireshin aika wasiƙa an canza zuwa Newark amma wajen haraji har ranar Bronx ne a rubuce. Ta bani IT-2104.1 na cike a tsaye a gabanta, albashin da ya shigo jiya babu layin NYC a ciki. Na samu wata akanta a nan Newark muka zauna awa biyu da rabi da jakar takardu, har littafin da madam take rubuta kuɗin kitso muka kai. An cike gyaran New York na shekara biyu, an cike Jersey na rabin 2023 da na 2024 gaba ɗaya, na 2025 kuma ta ce mu gama shi kafin 15 ga Afrilu. Jersey suna binmu 'yan ɗaruruwa saboda kitson da tarar makara, na biya a take. Abin da zai dawo daga New York ya fi wannan amma bai kai yadda na zata ba saboda kuɗin yaran da Hajiya ta faɗa. Alhaji Garba akwai mutum biyu a masallacinku da na sani sun koma Jersey kuma wajen mutumin nan suke zuwa, bana son kiran suna a nan, zan kira ka anjima.

Alhaji Garba Bronx: Kira ni bayan la'asar. Nima ɗana ya koma Yonkers bara, zan sa ya duba akwati na 20 ɗin nan.

Hajiya Rabi Akanta: Yonkers suna da nasu harajin garin Alhaji, amma ba na NYC bane, in ya ga NYC a wajen ya je a gyara. Baban Khalifa wasiƙar farko da suka aiko maka kar ka barta haka, ka amsa ta da kwafin NJ-1040 ɗin da shaidar biya, ka aika ta gidan waya da rajista mai rasit, rasit ɗin ka haɗa shi da sauran takardun a jaka ɗaya. Gyaran New York kuma yakan ɗau watanni, kuma suna iya rubuto maka su nemi takardar hayar Newark ta Yulin 2023, ka nemo ta tun yanzu ka ajiye kusa.